Barcin Na'ura da Farkawarta: Shekaru Talatin na Ja-in-ja a Cikin Kanel

Kwamfuta ta fi daɗewa a zaman jira fiye da a bakin aiki. Tsakanin harafin da mai rubutu ya danna da wanda zai danna a gaba, firosesa na da sararin da zai ishe ta gudanar da miliyoyin umarni, amma ba a ba ta komai ba. Tun firosesar 8086 da kamfanin Intel ya fitar a 1978 akwai wani umarni mai suna HLT, wanda ke sa ta dakata har sai wata na'ura ta kira ta. DOS bai kula da shi ba. Windows 95 ma sau da yawa yakan bar firosesa tana ta zagaye wuri guda tana ƙona wuta a banza, har wasu suka rubuta ƙananan manhajoji irin su Rain da Waterfall, waɗanda aikinsu kawai su aika wannan umarni don inji ya huce. Abin bai dami mutane sosai ba a lokacin, tunda kwamfutar tebur daga jikin bango take shan wuta. Yaɗuwar kwamfutar tafi-da-gidanka mai batir ce ta mai da zancen babba.

Matsalar da aka yi ta fama da ita tun daga nan guda ce. Gwargwadon nisan da na'ura ta yi a barci, gwargwadon wutar da take ragewa, kuma gwargwadon daɗewar da za ta yi kafin ta dawo hayyacinta. Kamar maigadi ne: wanda ke gyangyaɗi a kan benci, tari ɗaya ya ishe shi ya miƙe, wanda ya shiga ɗaki ya ja bargo ya fi samun hutu, amma kafin ya laluba takalmi ya fito, mai ƙwanƙwasa ƙofa ya gaji ya yi gaba. Kanel, wato zuciyar babbar manhajar da ke raba wa sassan kwamfuta aiki, shi ya tsinci kansa a tsakiyar wannan ciniki. Abin da aka yi shekaru ana jayayya a kai shi ne wa zai yanke zurfin barcin, kuma wa za a kama in aka makara.

A 1992 Intel da Microsoft suka fitar da ƙa'idar APM. A shekarar ce kuma hukumar kare muhalli ta Amurka ta ƙaddamar da shirin Energy Star, wanda ya fara da kwamfutoci da allunansu. A tsarin APM wuƙa da nama suna hannun BIOS, ƙaramar manhajar da ake dasawa a cikin inji tun daga masana'anta. BIOS yakan lura da madannai da faifai, in ya ji shiru na wasu mintuna sai ya kashe allo, ya tsayar da faifai, ko ya kwantar da injin baki ɗaya. Sai dai bai san abin da babbar manhaja ke ciki ba. Ba ya ganin abin da ke wucewa ta sababbin ƙofofi irin su USB, kuma bai iya da inji mai firosesa fiye da ɗaya ba, shi ya sa Linux kan ajiye yawancin APM a gefe in ya samu kansa a irin wannan inji. Ga shi kowane kamfani da irin kurakuran da ke cikin nasa BIOS ɗin. Bugun APM na ƙarshe, 1.2, ya fito a 1996.

A watan Disamba na wannan shekara Intel da Microsoft da Toshiba suka kawo ACPI, wadda ta ƙwace hukunci daga BIOS ta damƙa wa babbar manhaja. Ta rarraba barci hawa-hawa. Na injin gaba ɗaya daga S0, inda yake a farke, zuwa S5, inda yake a kashe. A tsakani akwai S3, inda ake kashe kusan komai a bar wa ma'adanar RAM 'yar wutar da za ta riƙe abin da ke cikinta, da S4, inda ake kwashe abin da ke RAM a zuba a faifai. Kowace na'ura tana da nata daga D0 zuwa D3, firosesa kuma daga C0 zuwa C3. Abin da ya fi waɗannan haruffa muhimmanci shi ne ƙa'idar ta tilasta wa maƙera su rubuta tsawon lokacin farkawa da lamba. A teburin da BIOS ke miƙa wa kanel akwai gurbin jinkirin C2 da na C3, a ma'aunin mikrosakan, wato kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa. Wanda ya rubuta sama da 100 a C2, ko sama da 1,000 a C3, ya nuna ke nan injinsa ba ya da wannan hawa. Ƙa'idar PCI ma ta yanke nata: na'urar da aka tayar daga D3 sai an ba ta milisakan 10 kafin a yi mata magana.

A takarda abin ya tsaru. A aikace kuwa ACPI ta zo da nata harshen umarni, AML, wanda dole kanel ya ɗauki tafinta a cikinsa don ya gudanar da abin da maƙeri ya rubuta, maƙeran kuma a kan Windows kaɗai suke gwaji. In ya yi aiki a can, an gama, a kai kasuwa. Linus Torvalds, jagoran masu gina Linux, ya taɓa siffanta ACPI a 2003 da cewa masifa ce ta kowace fuskar ƙira. Zargin da masu Linux ke yi ya ƙara ƙarfi da wata wasiƙar da Bill Gates ya rubuta wa ma'aikatansa a Janairun 1999 ta fito fili a shari'ar da aka yi da Microsoft a jihar Iowa, inda yake tambaya ko akwai hanyar da za a sa ƙarin da ake yi wa ACPI ya dace da Windows kaɗai, don kada Linux ya ci gajiyar wahalar da bai sha ba. Ko an bi shawarar ko ba a bi ba, abin da ya faru a ƙasa shi ne Linux ya koma yin shigar burtu. Idan BIOS ya tambaye shi ko shi Windows ne, sai ya ce e. Daga 2007 ma ya daina cewa e in an tambaye shi ko shi Linux ne, domin hanyar da aka shimfiɗa wa Windows ce kaɗai aka tabbatar an gwada.

Kafin Linux ya iya kwantar da inji cikin tsari sai da ya san wa ke rataye a jikin wa. Ba a kashe mashigar USB alhali na'urar da ke jone da ita ba ta gama aiki ba, kuma wajen tashi uwa ake fara tayarwa kafin 'ya'ya. Patrick Mochel ne ya gina wannan bishiyar na'urori a zangon gwaji na 2.5, ta fito ga jama'a a Linux 2.6.0 a Disambar 2003.

Sai kuma agogo. Kanel na da al'adar tashi a kan kari don ya duba lissafin lokaci da jerin masu jiran aiki: sau 100 a daƙiƙa a da, sau 1,000 a 2.6.0, daga baya a 2005 aka ba da zaɓi, aka tsaya a 250 a matsayin tsaka-tsaki. Firosesar da ake taɓawa kowane milisakan ɗaya ko huɗu ba ta da damar yin nisa a barci, ko da kuwa babu aikin komai. Thomas Gleixner da Ingo Molnar ne suka yi aikin da ya ba kanel damar tsayar da wannan bugu in babu abin yi, ya shiga 2.6.21 a Afrilun 2007. Da aka cire bugun sai asirin wasu ya tonu. Arjan van de Ven na Intel ya fitar da PowerTOP a shekarar, manhajar da ke jera sunayen masu tayar da firosesa da yawan tayarwar kowannensu a daƙiƙa. Aka ga manhajojin da ke leƙa fayil sau da yawa a daƙiƙa ko ya canza, da alamar rubutu mai ƙyaftawa a allon da babu mai kallo. Kunya ta yi aikin da roƙo bai yi ba, aka yi ta gyara.

A wannan zango ne shirin ba kowane yaro kwamfuta, wanda Nicholas Negroponte ya jagoranta, ya gwada wata dabara mai ban sha'awa. Kwamfutarsu ta XO, wadda aka yi gwajinta a makarantar firamare ta Galadima da ke Abuja a 2007, an ƙera ta ne don wuraren da wuta ba ta da tabbas. An sa mata wani ɗan guntu na musamman da ke riƙe hoton allo shi kaɗai, don firosesa ta kwanta yaro na cikin karatu, ta farka da ya taɓa madanni ba tare da ya lura ba. Burin shi ne farkawar ta kasance cikin kusan kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa. Don cim ma haka sai da suka kauce wa ACPI ɗungurungum a bugun farko. Shirin bai kai inda aka yi masa fata ba, amma tunanin kwanciya tsakanin taɓawa da taɓawa ya rayu.

Da barci ya fara zurfi sai masu jin jiki suka bayyana. Katin intanet mara waya na Intel mai lamba 2100 yakan rikice in firosesa ta shiga C3, saboda 'yar ma'ajiyarsa takan cika kafin a buɗe masa hanyar zuba bayanai a RAM. Har yau a cikin direbansa, wato manhajar da ke sarrafa shi a kanel, akwai lambar 175, iyakar mikrosakan ɗin da zai iya jurewa. Katin sauti ma haka: in aka makara wajen cika masa ma'ajiya, mai sauraro zai ji ƙaras a kunne. Maganin farko shi ne a hana C3 gaba ɗaya, wanda asara ce. A 2006 van de Ven ya kawo hanyar da direba zai faɗi iyakar jinkirin da zai ɗauka, Mark Gross na Intel ya faɗaɗa ta zuwa tsarin PM QoS a 2.6.25 a 2008. Kowa ya kawo lambarsa, kanel ya ɗauki mafi ƙanƙanta, ya haramta duk hawan barcin da farkawarsa ta wuce ta. Manhaja ma na iya nema, ta buɗe fayil ɗin cpu_dma_latency ta rubuta lamba. Da ta rufe fayil ɗin ko ta mutu, buƙatarta ta faɗi. A ganina wannan ne gyara mafi hikima a duk tarihin, domin ya ɗora wa mai gaggawa nauyin faɗin gaggawarsa, maimakon kowa ya kwana a tsaye saboda mutum ɗaya.

Ɗaya ɓangaren kuma duba ne. Tsarin cpuidle da ya shiga 2.6.24 a farkon 2008 ya ba kowane hawa lamba biyu: lokacin farkawa, da mafi ƙarancin zaman da za a yi a cikinsa kafin wutar da aka rage ta biya wadda aka kashe wajen shiga da fita. Mai zaɓe, wanda aka fi sani da menu, dole ya yi hasashen yaushe kira na gaba zai zo. In ya zaɓi mai zurfi aka tashe shi nan take, an yi asarar wuta da lokaci. In ya zaɓi mara zurfi aka daɗe shiru, batir ya tafi a banza. A Disambar 2009, a 2.6.32, Rafael Wysocki ya shigar da tsarin da ke ba kowace na'ura damar kwanciya ita kaɗai alhali inji na aiki, yana ɗorawa a kan abin da Alan Stern da abokansa suka fara a USB. Bayan shekara biyu aka ba kowace na'ura tata iyakar jinkirin farkawa, bisa matsin masu ƙera guntayen wayoyi.

Wayoyin ne suka jawo rigima mafi zafi. Android ya shiga kasuwa a Oktoban 2008 da wayar G1 ta HTC, kuma injiniyoyin Google sun juya tunanin kansa. A kwamfuta inji a farke yake sai an ce ya kwanta. A Android waya a kwance take, sai in wani ya riƙe sakatar hana barci, wadda suka kira weklok. Da an saki sakata ta ƙarshe, waya ta koma barci, ko da akwai manhajar da ke son ci gaba da lissafi. Arve Hjønnevåg na Google ya miƙa facin da ke ɗauke da wannan tsari ga masu kula da kanel a farkon 2009, ba a karɓa ba. A ƙarshen shekarar Greg Kroah-Hartman ya cire direbobin Android daga ɗakin jira na kanel saboda babu mai kula da su, aka fara maganar cewa Android ya ɓalle. Da aka sake kawo facin a 2010 da sabon suna, sai aka yi makonni ana musayar ɗaruruwan wasiƙu.

Kowane ɓangare na da hujja. Masu adawa suka ce an riga an gina hanya: a bar cpuidle da PM QoS da kwanciyar na'ura ɗaya-ɗaya su kai waya ga barci mai zurfi da kansu, ba sai an yayyafa sakata a cikin kowane direba ba, manhajar da ba ta da tarbiyya kuma a gyara ta ko a ɗaure ta. Mutanen Google suka ce su kasuwa suka buɗe wa kowa, ba za su iya tantance dubban manhajoji ba, kuma mai waya ba ruwansa da wanda ya yi laifi in ya wayi gari batir ya mutu. Suka kuma nuna wata ɓaraka ta gaske: in kira ya shigo daidai lokacin da inji ke shirin kwanciya, yana iya faɗawa tsakani, waya ta yi barci da kiran a cikinta. Duk wanda ya taɓa biyan kuɗin caji a shago a Kano ko Maraɗi ya san wace hujja ce ta fi kusa da aljihunsa. Ni dai ina ganin Google ya fi gaskiya a kan matsalar, masu adawa kuma sun fi gaskiya a kan cewa facin bai tsaru ba. Wysocki ne ya raba gardama a hankali: ya toshe ɓarakar da ƙidayar abubuwan tayarwa a 2.6.36, ya ƙara rajistar masu tayarwa a 2.6.37, sannan a Linux 3.5, a Yulin 2012, ya shigar da kwanciya ta kai-tsaye da sakatar da manhaja ke iya riƙewa. Kusan abin da aka ƙi ne a 2009, an sake masa gini.

Ana cikin haka wani abu ya nuna yadda har yanzu BIOS ke da baki. Bayan fitowar 2.6.38 a Maris 2011 masu kwamfutar tafi-da-gidanka suka ga batir na saurin ƙarewa. Michael Larabel na Phoronix ya bi sawu har ya gano gyaran da ya jawo haka. Hanyoyin PCI Express na da nasu gyangyaɗin, ASPM, kuma BIOS da yawa na rubuta cewa inji bai iya shi ba alhali su da kansu sun kunna shi. Linux ya ɗauki maganarsu da gaske ya bi ya kashe. Matthew Garrett, yana Red Hat a lokacin, ya kawo gyara a Nuwamba: in BIOS ya ce babu, a bar komai yadda aka same shi, kamar yadda alamu suka nuna Windows ke yi.

Daga 2012 kiɗa ya canza. Windows 8 ya zo da barcin da inji ke ci gaba da karɓar saƙo kamar waya, kuma firosesocin Haswell na 2013 suka ƙara hawa har C10. A teburin direban Intel da ke cikin Linux, farkawa daga C1 a wannan zuriya mikrosakan 2 ce, daga C6 133, daga C10 kuwa 2,600, kuma sai za a zauna aƙalla 7,700 kafin shigarsa ta yi riba. Da firosesa ta iya wannan nisa da kanta, maƙera suka fara janye S3 daga injunansu. Linux ya bi da nasa salon a 3.9 a 2013: a daskarar da manhajoji, a kwantar da na'urori, a bar firosesa ta nutse. Farkawa ta yi sauri ƙwarai. Sai dai S3 yanke wuta yake da ƙarfi, wannan kuwa sai kowace na'ura ta yarda. Guda ɗaya ta ƙi kwanciya, mai kwamfuta ya ciro ta daga jaka da zafi, batir ya ƙare. An yi wannan kuka a Windows, an yi a Linux.

Faifan NVMe ya maimaita darasin katin 2100 ta wata fuska. Kowane faifai na faɗin lokacin shiga da na fita na kowane hawan barcinsa, kuma a Linux 4.11, a 2017, Andy Lutomirski ya sa kanel ya riƙa tsara wa faifai jadawalin kwanciya bisa waɗannan lambobi, da iyakar da aka fara sawa a milisakan 25 kafin a ɗaga ta zuwa 100. Wasu faifan suka shiga hawa mafi zurfi suka ƙi dawowa, inji ya nemi faifansa ya rasa. Aka buɗe jerin sunayen waɗanda ba a yarda da maganarsu ba, jerin da ya yi ta tsawo. Lamba rubutacciya tana da amfani ne in wanda ya rubuta ta ya faɗi gaskiya, kuma kanel ba shi da hanyar rantsar da na'ura.

Wysocki ya koma kan mai hasashen. A 4.17, a 2018, ya sauya jerin matakai ta yadda za a fara zaɓen hawan barci kafin a yanke shawarar tsayar da bugun agogo, don kada firosesa ta maƙale a barci mara zurfi na dogon lokaci in hasashe ya kuskure. A 5.1, a 2019, ya ƙara sabon mai zaɓe, TEO, wanda ya fi dogara da lokacin da aka san agogo zai kira.

A Satumbar 2022 K Prateek Nayak, injiniya a AMD, ya gano wani abu da ya kwana a cikin kanel tun 2002. A wancan zamani wasu guntayen ba sa tsayar da firosesa nan take in an umarce ta da barci, don haka aka sa ta yi wani karatu na banza daga agogon ACPI don a ɓata ɗan lokaci. Guntayen sun shuɗe, karatun ya zauna. Sababbin firosesocin Intel ba sa bin wannan hanya, suna da nasu direban tun 2010, amma na AMD suna bi. A kansu karatun na ɗaukar lokaci mai tsawo, kanel kuma yana lissafa shi a matsayin barci, sai mai hasashe ya ɗauka an daɗe a kwance, ya sake zaɓen hawa mai zurfi, a sake yin karatun. Manyan injunan da aikinsu ke yawan tsayawa da tashi su suka fi jin jiki. Dave Hansen na Intel ne ya rubuta gyaran, 'yan layuka da a aikace suka taƙaita karatun ga tsofaffin injunan Intel kaɗai, ya shiga Linux 6.0 da ya fito ranar 2 ga Oktoba, 2022.